John D. Rockefeller: Attajirin da ya tara dukiya da kananzir, garwa da fitila

A gidaje da yawa na Kwandiko da sauran ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu, an daina kunna fitilar ƙwai. Tocilan mai caji da ƙwan sola sun karɓi aikinta, kananzir kuma ya yi tsadar da ba kowa ke iya saye ba. Tsohuwar fitilar tana rataye a ƙusa ko tana yashe a bayan rumbu, garwar mai kuwa ta zama akurkin kaji, ko ta tafi hannun 'yan gwangwan da ke saye a kan sikeli.

A Amurka da Turai irin waɗannan kaya ba tarkace ba ne. Akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin kayan talla na zamanin fitila: garwa mai tambarin kamfani, akwatin katako da aka buga wa suna, allunan ƙarfe na ƙofar kanti, kalandu, da fitilun da kamfanoni suka raba don jawo masu saye. Ana gwanjonsu, ana kuma baje su a gidajen tarihi.

Idan aka bi diddigin sunayen da ke jikin kayan, irin su Standard Oil, Socony, Vacuum da Mei Foo, za a tarar suna komawa ga mutum guda, John Davison Rockefeller. Mutane da dama na ɗauka da fetur ya yi arziki. Gaskiyar ita ce tun kafin mota ta yaɗu ya riga ya zama hamshaƙi, kuma man fitila ne ya kai shi can.

Ɗan mai maganin bogi

An haife shi ranar 8 ga watan Yulin 1839 a garin Richford da ke jihar New York. Mahaifinsa, William Avery Rockefeller, mai yawon tallan magani ne gari-gari, yana kiran kansa likita yana iƙirarin warkar da ciwon daji. Yakan ɓace wata da watanni, daga baya ma ya auri wata mata a ɓoye da sunan ƙarya.

Mahaifiyarsa, Eliza Davison, ita ta riƙe gidan. Mace ce mai riƙo da cocin Baptist, mai tsimi da tanadi, kuma ita ta koya wa ɗan nata ware wani abu daga duk abin da ya samu don sadaka. Tun yana yaro ya yi kiwon talo-talo, ya tara kuɗi har ya ranta wa wani manomi dala 50 da ruwa.

A 1853 iyalin suka koma kusa da birnin Cleveland a jihar Ohio. Ranar 26 ga Satumbar 1855, yana ɗan shekara 16, ya samu aikin mataimakin akawu a kamfanin dillancin kaya na Hewitt & Tuttle, inda aka biya shi dala 50 a watanni ukun farko. Har ya tsufa yana bikin zagayowar wannan rana. A lokacin ne kuma ya buɗe wani ɗan littafi da yake rubuta duk kwabon da ya shiga hannunsa da wanda ya fita.

A 1859 ya haɗa jari da wani abokinsa Maurice Clark, suka fara dillancin hatsi da nama. Wani ɓangare na jarin, dala 1,000, mahaifinsa ne ya ranta masa da ruwan kashi 10 cikin 100.

Daga littafin lissafi zuwa matata

A watan Agustan wannan shekara ta 1859, Edwin Drake ya haƙa rijiya mai zurfin kimanin mita 21 a Titusville da ke jihar Pennsylvania, mai ya fito. A lokacin galibi ana neman ɗanyen mai ne don a tace kananzir. Kafin nan masu hali a Amurka na kunna fitila da kitsen manyan kifayen teku, wanda ke ƙara tsada, talakawa kuma na amfani da kyandir na kitse ko su kwanta da wuri.

Mutane suka yi ta tururuwa zuwa haƙar rijiyoyi. Rockefeller bai bi su ba. Ya lura haƙa caca ce: wani ya dace, goma su tashi a tutar babu. Amma duk man da aka haƙo dole ya bi ta matata, ya hau jirgin ƙasa, kafin ya kai ga fitila. Nan ya zaɓi ya tsaya.

A 1863 shi da Clark da wani masanin tace mai, Samuel Andrews, suka kafa matata a Cleveland. A 1864 ya auri Laura Spelman, wadda ta haifa masa 'ya'ya mata huɗu da namiji ɗaya. A farkon 1865 saɓani ya shiga tsakaninsa da Clark, aka yi gwanjon kamfanin a tsakaninsu, ya saye shi a kan dala 72,500.

Ranar 10 ga Janairun 1870 ya kafa kamfanin Standard Oil da jarin dala miliyan 1, tare da ƙanensa William, da Andrews, da Henry Flagler. Sunan kansa talla ne. A wancan zamani ana yawan samun gurɓataccen kananzir mai fashewa a fitila, yana ƙona gidaje da mutane. Ma'anar sunan ita ce ma'auni tsayayye, wato man da ka saya yau shi za ka samu gobe. Ɗan mai tallan ƙarya ya gane cewa sunan da aka amince da shi ya fi kowace irin shela.

Yadda ya haɗiye abokan hamayya

Ingancin kaya ba shi kaɗai ya ɗaukaka shi ba. Da yake shi ne mai lodi mafi yawa, sai ya matsa wa kamfanonin jirgin ƙasa suka riƙa yi masa rangwame a asirce, wanda ƙananan matatu ba sa samu. A 1872 aka bankaɗo wani shiri da ake kira South Improvement Company, wanda a ƙarƙashinsa za a ƙara wa abokan hamayyarsa kuɗin dako, a kuma ba shi wani kaso daga abin da suka biya.

Shirin ya rushe saboda boren masu rijiyoyi, amma tsoron da ya jefa a zukata ya yi masa aiki. Cikin 'yan makonni a farkon shekarar, Standard Oil ya saye matatu 22 daga cikin 26 da ke gogayya da shi a Cleveland. Wanda ya ƙi sayarwa, sai a karya farashi a yankinsa har ya durƙushe. Zuwa 1880 kamfanin na tace kusan kashi 90 cikin 100 na man Amurka. Shi ke da bututu, shi ke da tankuna, shi ke yin gangunansa da kansa.

A nan ra'ayin masana tarihi ya rabu. Wasu na nuni da cewa a hannunsa farashin kananzir ya faɗi ƙwarai, har talaka ya iya haska ɗakinsa. Wasu kuma na cewa sauƙin ya zo ne a kan gawar ɗaruruwan ƙananan 'yan kasuwa, kuma inda babu mai gogayya da shi ba ya sassauta farashi. Wannan muhawara ce da ba baƙuwa ba ga 'yan Najeriya a yau, duk lokacin da ake maganar wa zai tace mai, wa zai shigo da shi, wa zai yanke farashi.

Garwar da ta zama talla

Tun daga shekarun 1870 kaso mai yawa na kananzirin Amurka ƙasashen waje ake kai shi. Ganga ba ta dace da doguwar tafiya a bayan jaki ko raƙumi ba, don haka aka riƙa zuba man a garwa mai kusurwa huɗu, mai cin kimanin lita 18, ana jera biyu a akwatin katako guda.

Ana ba da labarin wata rana da Rockefeller ya ziyarci wurin da ake liƙe bakin garwa, ya tambayi ɗigon dalma nawa ake sa wa kowace. Aka ce 40. Ya sa aka gwada 38, wasu suka yi yoyo. Aka gwada 39, ta riƙe. Daga nan 39 ya zama ƙa'ida. Ɗigo ɗaya ba komai ba ne, amma a kan miliyoyin garewani kuɗi ne mai yawa.

Abin da ba a yi tsammani ba shi ne darajar garwar bayan mai ya ƙare. A ƙasashen Asiya an riƙa fasa ta ana yin rufin ɗaki, bokiti da murhu. Wani ɗan kasuwar Ingila, Marcus Samuel, ya koyi wannan darasi da wahala. A 1892 ya tura jirgin ruwan dakon mai, Murex, ta mashigin Suwez ɗauke da kananzirin Rasha a tanki, yana zaton masu saye za su zo da tsofaffin garewaninsu. Suka ƙi, domin garwar ita ce rabin abin da suke saye. Dole ya kafa wuraren ƙera tasa, ya shafa mata jan fenti don ta bambanta da shuɗiyar ta Standard Oil. Kamfanin Samuel shi ne ya zama Shell a 1897.

Ta haka garwa ta zama allon tallan da ba a biya wa haya. Tana shiga gida da sunan kamfani a jikinta, ta shekara goma ana kallonta.

A ba ka fitila, ka sayi mai

A ƙasar Sin kamfanin ya gamu da wata matsala: mutane sun saba da fitilar man tsirrai, ba su da wadda za ta ɗauki kananzir. Sai a farkon ƙarni na 20 ya ƙera wata 'yar ƙaramar fitila ta gwangwani mai ƙwan gilashi, ya buga mata sunan da yake kasuwanci da shi a can, Mei Foo. An riƙa sayar da ita a kan kuɗi kaɗan, ko a bayar kyauta ga wanda ya sayi mai.

Dabarar a fili take. Fitila sau ɗaya ake saye, mai kuwa kullum ne. Wanda ya ɗanɗana hasken da ba ya hayaƙi sosai, da wuya ya koma ga tsohuwar fitilarsa. Kamfanin ya haɗa da kalandu masu zane da allunan da ake kafawa a ƙofar dillalai. Waɗannan fitilu da kalandu na cikin abubuwan da masu tara kayan tarihi ke nema a yau.

Yadda man ya iso ƙasar Kano

Kafin zuwan kananzir, Bahaushe na da fitilarsa ta ƙasa ko ta ƙarfe, ana zuba mata man gyaɗa ko man kaɗanya, a murza auduga a yi lagwani. A tsangayu kuwa wutar kara da itace ake hurawa almajirai su kewaye ta da allunansu.

A 1907 kamfanin Vacuum Oil ya fara sayar da kananzir mai tambarin Sunflower a Najeriya. Tun 1879 Standard Oil ke da mafi yawan hannun jarin Vacuum, don haka man na gidan Rockefeller ne, ko da yake ba shi kaɗai ba ne a kasuwa, domin su Shell ma sun shigo da nasu.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Jirgin da ke sauka da gyaɗa zuwa Legas shi ke hawowa da atamfa, gishiri, sabulu da akwatunan kananzir zuwa kantunan Turawa irin su Niger Company da John Holt. Daga Kano fatake ke ɗora kaya a jakuna zuwa gundumomi, ciki har da Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda a lokacin ke ƙarƙashin masarautar Kano. A kasuwar ƙauye kuma a riƙa auna man a kwalba.

Abin da ya faru a Asiya ya faru a nan. Garwa ta zama ma'auni, ta zama abin ɗibar ruwa, har 'yan ga-ruwa suka riƙa rataya biyu a sanda suna zaga gari. Maƙeran gwangwani suka ƙirƙiro aci-balbal daga gwangwanin madara, ta zama fitilar mai ƙosai da mai shayi da mai tebur a kasuwar dare. Mai ɗan hali ya sayi fitilar ƙwai, wadda akan samu sunan maƙerinta a jiki, kamar Feuerhand ta Jamus ko Dietz ta Amurka. Fitilar ta shiga kayan ɗakin amarya, kuma a haskenta ɗalibai da yawa suka yi karatun jarrabawa.

Kotu ta raba kamfanin

A can Amurka ƙiyayya ta yi ta taruwa. A 1890 majalisa ta yi dokar Sherman mai hana babakere a kasuwa. Daga 1902 zuwa 1904 wata 'yar jarida, Ida Tarbell, wadda mahaifinta na cikin ƙananan 'yan kasuwar mai da suka sha wuya a hannun Standard Oil, ta wallafa jerin bincike a mujallar McClure's, ta fito da takardun rangwamen asiri da leƙen asirin abokan hamayya.

Ranar 15 ga Mayun 1911 Kotun Ƙolin Amurka ta ba da umarnin a raba kamfanin gida 34. A lokacin Rockefeller ya riga ya bar gudanar da harkokin yau da kullum tun wajen 1897, amma yana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jari, kuma ya samu kasonsa a kowane sabon kamfani. Hukuncin ya zo daidai lokacin da motar Ford ta fara cika tituna, fetur ya fara zarce kananzir a kasuwa. Darajar hannun jarin ta ninka. A 1916 jaridu suka bayyana shi a matsayin mutum na farko da ya mallaki dala biliyan 1.

Daga cikin kamfanonin da aka yanka ne aka samu Exxon da Chevron. Reshen New York, wato Socony, ya haɗe da Vacuum a 1931, daga baya ya zama Mobil, sunan da har yanzu ake gani a gidajen mai a Najeriya.

Tabon da ya fi muni ya zo a 1914. Masu haƙar kwal na kamfanin Colorado Fuel and Iron, wanda iyalin ke da babban kaso a ciki, suna yajin aiki a Ludlow. Ranar 20 ga Afrilu dakarun jiha da masu gadin kamfani suka far wa sansaninsu, aka cinna wa tantuna wuta. Cikin waɗanda suka mutu akwai mata 2 da yara 11 da suka ɓuya a rami ƙarƙashin tanti. Bayan nan ne iyalin suka ɗauki wani ƙwararren mai gyara suna, Ivy Lee. A shekarun ƙarshe jama'a sun fi sanin Rockefeller da hoton tsoho mai raba wa yara sulallan senti 10. Wannan ma wani nau'in talla ne, sai dai hajar ita ce mutumin kansa.

Kyauta da rasuwa

Ba a iya cewa kyautarsa duk don gyaran suna ce, domin tun yana akawu yake bayarwa. Shi ya ba da kuɗin kafa Jami'ar Chicago a 1890, da cibiyar binciken lafiya a New York a 1901, da Gidauniyar Rockefeller a 1913. An ƙiyasta abin da ya bayar a rayuwarsa ya haura dala miliyan 500.

Najeriya ta ga wani ɓangare na wannan. A 1925 gidauniyar ta kafa cibiyar binciken cutar shawara a Yaba da ke Legas, kuma a ɗakin bincikenta na New York ne Max Theiler ya samar da allurar rigakafin cutar a 1937, wadda har yau ake amfani da ita. A 1967 gidauniyar tare da ta Ford suka kafa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan, wadda ke da reshe a Kano mai aiki a kan irin wake.

Rockefeller bai sha giya ba, bai sha taba ba. Cutar zubewar gashi ta kama shi yana da shekara 50 da 'yan kai, har ya koma sa gashin kanti. Ya yi burin kai shekara 100, amma ya mutu ranar 23 ga Mayun 1937 a gidansa da ke Ormond Beach a jihar Florida, yana da shekara 97. An binne shi a Cleveland.

Abin da ya rage a hannu

Dalilin da ya sa kayan tallan wancan zamani ke da daraja shi ne ƙarancinsu. Ba wanda ya ɗauke su a bakin komai lokacin da suke ko'ina. Allunan ƙarfe masu rufin tangaran da yawa an narkar da su a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake neman ƙarfe ruwa a jallo. Masu tarawa na duba ko tambari da rubutu na nan, ko fentin na asali ne, ko ƙwan fitilar nata ne, domin jabu sun yi yawa. Sun fi son abu da tsatsarsa a kan wanda aka kankare aka sake wa fenti. Sama da komai suna son a san tarihinsa: wa ya saya, a ina, yaushe.

A nan ne yankin Gwaram da Birnin Kudu ke da abin da kasuwar gwanjo ba ta da shi. Har yanzu akwai dattawan da za su iya faɗin a wace kasuwa aka sayo fitilar gidan, nawa ake sayar da kwalbar kananzir a shekarar da suka yi aure, da wanda ya fara kawo fitilar ƙwai garin. Babu littafin da ya rubuta wannan, kuma yana tafiya tare da masu shi.

Birnin Kudu ya shahara da zanen da mutanen da suka bari a jikin duwatsu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda hukuma ke karewa a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Gidan Makama a Kano na adana kayan sarauta da na sana'o'i. Amma garwa da aci-balbal da fitilar ƙwai, waɗanda suka haska daren talaka na kusan shekara ɗari, galibi ba su da mai ajiye su, kuma narkakken ƙarfe ba ya dawowa.

Ba kowace tsohuwar fitila ce za ta yi kuɗi ba, yawancinsu ma ba za su yi ba. Sai dai kafin a miƙa ta ga mai sikeli, ya dace a goge ƙurar a karanta sunan da ke jikinta, a ɗauki hotonta da waya, a kuma tambayi tsohuwar gidan yadda aka yi ta shigo.